Ba na son salak, amma ina so in koyi cinsa: ta ina zan fara?

Tambaya: "Tun ina yarinya ba na son salak. Duk inda aka zuba mini sai in ture shi gefen faranti. Yanzu likita ya ce in ƙara cin ganye da kayan lambu, ni kuma ina so in riƙa gwada haɗi kala-kala a gida ko zan dace da wanda zai kwanta mini. Ta ina zan fara, kuma me ya sa na wasu yake daɗi, nawa ba ya yi?"

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da girki, kuma duk wadda ta zo mini da wannan magana, abin da nake fara tambayarta shi ne: a cikin salak ɗin, mene ne ainihin abin da ba kya so? Yawanci sai ta yi shiru, don ba ta taɓa tsayawa ta rarrabe ba. In na matsa sai amsoshi su fito, kuma kowa da tata. Wata ɗacin ganye ne ya kore ta. Wata sanyin abin ne, da ruwan nan da ke kwanciya a ƙasan faranti. Wata gafin ɗanyar albasa ne da ke bin ta har dare. Wata kuwa mayonis aka lafta mata har ya ginshe ta. Duk cewa suke ba sa son salak, alhali kowace da abin da ke damunta, kuma maganin wannan ba zai yi wa waccan ba. Don haka kafin ki sayi komai, ki tuna ranar ƙarshe da kika ture faranti, ki gano wanne ne naki.

Abin da na fi cin karo da shi kuwa shi ne salak ɗin da ba a yi masa hidimar da ake yi wa sauran abinci ba. Ba wanda zai ɗora miya ya sauke bai ɗanɗana gishirinta ba. Amma mai girkin nan ɗaya zai yanka latas da kokwamba da tumatir, ya juye a kwano haka nan lami, ya ajiye kwalbar mayonis a gefe, ya ce ya gama. Wannan ai kayan haɗi ne aka tara, ba a haɗa ba tukuna. Sunan abin ma daga gishiri ya samo asali: a harshen Latin "sal" shi ne gishiri, domin Rumawa da gishiri da mai da khal, wato binega, suke cin ɗanyen ganye. Idan kin riƙe wannan kaɗai, cewa salak ma ana sa masa gishiri ana ɗanɗanawa ana gyarawa kamar miya, kin yi rabin tafiya.

Ga wani gwaji da nake sa ɗalibaina su yi a ranar farko. Ki ɗauki ganyen latas biyu. Ki ci ɗaya yadda yake. Ɗayan ki barbaɗa masa gishiri ɗan mitsitsi, ki ɗiga masa lemun tsami, sannan ki ci. Za ki ji ɗacin ya ja baya, wani ɗan zaƙi da ba ki san yana ciki ba ya fito. Gishiri yana danne ɗaci a kan harshe, wannan sanannen abu ne a ilimin ɗanɗano. Shi ɗacin latas daga wani farin ruwa mai kama da madara yake zuwa, wanda za ki gani in kin karya gindinsa. Ya fi yawa a gindi da manyan jijiyoyin ganyen waje, kuma yana ƙaruwa in latas ya tsufa ko zafi ya sa ya yi tsiri zai fid da fure. Ki yar da gindin, ki fara da ganyen ciki masu haske da taushi.

Kada kuma ki yarda a ce miki iyayi ne kawai. A 1931 wani masanin sinadarai a Amurka, Arthur Fox, ya lura cewa akwai wata hoda da abokin aikinsa ke jin ɗacinta ƙwarai, shi kuwa ba ya jin komai. Daga baya aka gano ƙwayar gado ce ke rarraba mutane a kan haka, kuma ita ce ke da hannu a yadda wasu ke jin ɗacin dangin kabeji fiye da wasu. Mai yiwuwa ne ganyen da 'yar'uwarki ke ci tana santi, ke a bakinki da gaske ɗaci yake. Irin wannan harshe gishiri da maiƙo da ɗan zaƙi yake buƙata, da kuma wuta, wadda zan zo kanta.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ke kashe yawancin salak ɗin gida. Mai da ruwa ba sa jituwa. In ganye yana jiƙe, duk mahaɗin da kika zuba zamewa zai yi ya taru a ƙasa ya tsinke, ganyen sama ya zauna salam. Ki wanke ganye a babban kwano cike da ruwa, ki kaɗa shi, ki bar ƙasa ta kwanta, sannan ki tsamo ganyen sama da hannu. Kada ki juye kwanon a matsami, don ƙasar da ta kwanta za ta koma kansa. Ki maimaita har ruwan ya fita tas, ki ɗauraye a ruwa mai gudu, sannan ki shimfiɗa a kan tawul mai tsabta, ki naɗe a hankali har ya tsane sarai. Ganyen da ya yi yaushi kuwa, ki jiƙa shi a ruwan sanyi kamar minti 15, zai sha ruwa ya miƙe. Kuma ba a zuba wa ganye mai laushi mahaɗi sai za a ci. Gishiri yana janyo ruwan cikinsa, mai yana ratsa fatarsa, kafin minti 20 ya kwanta ya yi duhu.

Shi mahaɗin, ina roƙonki ki koyi yin naki. Ma'aunin da masu girkin Faransa suka saba da shi shi ne kashi 3 na mai, kashi 1 na tsami. Ki samu ƙaramar kwalba mai murfi. Ki zuba babban cokali 1 na ruwan lemun tsami ko khal, ki sa gishiri ki kaɗa ya narke tukuna, domin gishiri ba ya narkewa a cikin mai. Ki ƙara rabin ƙaramin cokali na mastad (wani mahaɗi mai kauri da ɗan yaji da ake sayarwa a kwalba), rabin ƙaramin cokali na zuma, ɗan masoro, sannan babban cokali 3 na man zaitun ko duk wani mai mai kyau da ba ya wari. Ki rufe ki girgiza sosai har ya yi kauri ya zama abu ɗaya. Aikin mastad a nan ya wuce ɗanɗano, shi ke riƙe mai da tsami kada su rabu da wuri, kamar yadda gwaiduwar ƙwai ke yi a mayonis. In za ki ɗanɗana, ki tsoma ganye ki ci. A cokali kullum zai yi miki kamar ya yi ƙarfi, a jikin ganye ne za ki san gaskiyarsa. Ni dai wannan 3 da 1 ban ɗauke shi doka ba. Ga wake da dankali da duk abu mai nauyi, 2 da 1 nake yi, don suna shanye tsami.

Wasu in likita ya ce su ci ganye sai su cire mai gaba ɗaya, suna ganin sun kyauta. Wannan kuskure ne ta fuska biyu. Abin ba zai ciyu ba, kuma jiki ba zai amfana yadda ya kamata ba. Bitamin A, D, E da K a cikin maiƙo suke narkewa, haka ma sinadaran da ke ba karas da tumatir launinsu. A wani bincike da aka buga a 2004 daga Jami'ar Jihar Iowa a Amurka, waɗanda suka ci salak da mahaɗi marar mai kusan ba abin da jikinsu ya ɗauka na waɗannan sinadarai masu ba da launi, waɗanda suka ci da mai sosai su suka fi samu. Ba kuma cewa nake a yi ambaliya ba, babban cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 120. Cokali ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya ishi farantin mutum ɗaya, in an juya shi da hannu ya taɓa ko'ina.

Yanzu ga maganar da na fi so ki ji: salak ba dole sai da latas ba. Wanda mutanen ƙauyukan Girka suka shahara da shi tumatir ne da kokwamba da albasa da zaitun da cuku, babu latas ko ɗaya. Tabbule na Lebanon da Siriya kusan duk ganyen fasli ne, wani ganye mai ƙamshi, da na'a-na'a da ɗan barzajjen alkama. A yankin Tuskani na Italiya da busasshen burodi da tumatir suke yin nasu, a Tailan ɗanyar gwanda ake gogawa a ɗan daddaka a turmi da barkono da lemun tsami. Wanda ake kira salak ɗin Rasha, da ake dangantawa da wani mai girki Lucien Olivier a Mosko a shekarun 1860, yau kusan komai nasa dafaffe ne: dankali, karas, ƙwai, koren wake. Ko salak ɗin da ake kira Siza, wanda shi latas ne zalla, abin da ya ɗaukaka shi tun da Caesar Cardini ya fara yin sa a Tijuwana ta Meziko a 1924 shi ne abin da aka lulluɓe ganyen da shi: tafarnuwa, ƙwai, cuku mai gishiri, tsami, da gasasshen burodi mai ƙaras-ƙaras. Don haka in latas ne abokin gabarki, ki ajiye shi gefe na wata guda. Ba abin da zai ragu.

Da abu mai ɗumi nake so ki fara, domin sanyi yana rage ƙamshi da zaƙin abinci, kuma mutane da yawa da ke cewa ba sa son salak sanyin ne ba sa so. Ki samu karas rabin kilo, ki fere, ki yanka a karkace da kaurin ɗan yatsa. Ki murza shi da babban cokali 1 na mai da gishiri, ki baza a faranti ba tare da wani ya hau kan wani ba, ki gasa a oben mai zafin digiri 200 a ma'aunin Celsius na minti 25 zuwa 30, har gefensa ya yi ja ya fara duhu. In ba oben, kasko mai kauri a wuta matsakaiciya zai yi, ki dai bar shi ya kama kafin ki juya. Wannan duhun shi ake nema, a nan zaƙin karas ke taruwa, ɗanyen warinsa ya tafi. Kafin ya gasu ki dama yogot marar suga babban cokali 4 da ɗan tafarnuwa da kika goga, da gishiri da lemun tsami. Ki shafa yogot a ƙasan faranti, ki juye karas da zafinsa a kai, ki watsa soyayyen riɗi da ganyen na'a-na'a, ki ƙara matsa lemun tsami. Akwai ɗumi da sanyi, zaƙi da tsami, laushi da abin taunawa, duk a loma ɗaya. Kabewa da tattasai da albasa duk suna karɓar wannan hanya.

Na biyu dankalin turawa, amma ba wanda aka nutsar a mayonis ba. Ki ɗora shi a ruwan sanyi mai gishiri sosai don ya dahu daidai ciki da waje, ki sauke da zarar wuƙa ta shige ba gardama. Sirrinsa shi ne ki yayyafa masa khal yana tururi, saboda da zafinsa yake shan ɗanɗano, in ya huce ya rufe. Bayan minti 10 ki zuba mahaɗin nan na kwalba, da dafaffen ƙwai, da ganyen albasa. In kina son mayonis, cokali ɗaya ya isa, kuma sai ya huce.

Kokwamba kuwa, ga dabarar mutanen Sin da ta sauya ra'ayin ɗalibaina da yawa. Maimakon yankawa, ki kwantar da ita a katako ki buga da faɗin wuƙa ko muciya har ta fashe, sannan ki gutsuttsura. Ki sa gishiri, ki bar ta a matsami minti 15. Za ki yi mamakin ruwan da zai fita, kuma da ba ki yi haka ba a farantinki zai fita. Ki zubar da shi, ki haɗa da tafarnuwa, khal, ɗan suga, man riɗi da dakakken barkono. Fashewar nan tana barin lunguna da mahaɗi ke maƙalewa, abin da santsin yankan wuƙa ba ya bari.

Kabeji ma gishiri ne ke ladabtar da shi. Rabin ƙaramin kai, a yanka siriri iya iyawa, a sa rabin ƙaramin cokali na gishiri, a murza da hannu minti 2, a bari minti 20, a matse. Taurin da warin duk za su sauka. Ki goga tuffa a kai, ki sa lemun tsami da mai da soyayyar gyaɗa. Wannan yana kwana a firiji ba ya lalacewa, saɓanin latas, don haka shi ne na mai aiki da ba ta da lokacin yanka kullum.

Wanda ni na fi so shi ne na burodi da tumatir, sai dai ba ya yiwuwa sai da tumatir nunanne na gaske. Kada ki ajiye tumatir a firiji in ba yankakke ba ne, sanyi yana kashe masa ƙamshi. Ki yanka manya-manya, ki sa gishiri, ki ɗora matsami a kan kwano ki bar shi ya ɗiga minti 20. Wannan karon ba a zubar da ruwan, shi ne ginshiƙin mahaɗin. Ki zuba masa khal da man zaitun da tafarnuwa ki kaɗa. Burodin da ya kwana biyu ki yayyage shi, ki gasa da ɗan mai har ya bushe, ki juye komai wuri ɗaya ki bari rabin awa. Burodin zai sha ruwan tumatir ta waje, cikinsa ya rage da ɗan tauri. Na taɓa yin wannan ga wani dattijo da ya ce shekara da shekaru bai sa ɗanyen tumatir a baki ba, ya cinye ya nemi ƙari.

In albasa ce matsalarki, abin mai sauƙi ne. Ki yanka siriri, ki jiƙa a ruwan sanyi minti 10, ko ki zuba mata lemun tsami da gishiri ki bari minti 15. Sinadaran da ke kawo yaji da gafi za su fita, jar albasa ma ta koma ruwan hoda mai kyau. Ki kuma kula da girman yanka gaba ɗaya. Duk abin da cokali mai yatsu ba zai ɗauka ya shiga baki lokaci ɗaya ba, ya yi girma.

Da kin yi waɗannan sau biyu-biyu, hannunki zai fara neman nasa haɗin, kuma nan ne daɗin abin yake. Shawarata a nan ita ce ki riƙa sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya. Yau karas da yogot, gobe kabewa da yogot, jibi kabewa da man riɗi. In kin sauya komai a tashi ɗaya kuma bai yi daɗi ba, ba za ki san mai laifin ba. Kada kuma ki kwashe duk abin da ke firiji ki zuba. Kaya biyar ko shida sun isa, ɗaya ya zama shi ne babba, sauran su yi masa rakiya. Kafin ki kai tebur ki ɗanɗana ki tambayi bakinki. In lami ne, gishiri. In ya yi nauyi yana neman ginsarki, tsami. In tsamin ya kama haƙora, ƙarin mai ko ɗigon zuma. In komai laushi ne, ki nemo abin da zai yi ƙara a baki, gyaɗa ko riɗi ko gasasshen burodi. In kuma kin ci kin ji yunwa bayan awa ɗaya, ƙwai ko wake ko kifi ko kaza ne babu. 'Ya'yan itace ma suna da wuri a nan: kankana da cuku mai gishiri da na'a-na'a, ko mangwaro da bai gama nuna ba da barkono da lemun tsami.

Tunda ɗanye ake ci, dole in yi maganar tsabta, kuma da gaske nake. Wuta ce ke kashe ƙwayoyin cuta a sauran abinci, a nan kuwa babu ita. Ki wanke hannu, ki wanke kayan lambu da ruwa mai tsabta tun kafin ki yanka, ban da sabulu. Katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kai kada ya taɓa ganye sai an wanke shi sarai, in da hali ma kowanne da nasa. Salak ɗin da aka haɗa kada ya wuce awa 2 a waje, in ana tsananin zafi awa 1. Mai juna biyu, da ƙananan yara, da tsofaffi, su guji mahaɗin da aka yi da ɗanyen ƙwai, su kuma guji ɗanyen tsiron iri. A 2011 ɗanyen tsiron hulba ne ya haddasa ɓarkewar cutar E. coli a Jamus, mutane fiye da 50 suka mutu. Jan wake mai siffar ƙoda (kidney beans) kuma dole a jiƙa shi, ya tafasa da ƙarfi aƙalla minti 10, sannan a ci gaba da dafawa har ya yi laushi, don ɗanyensa na da guba.

Da yake likita ne ya turo ki, ki koma masa da tambaya ɗaya in kina shan maganin tsinka jini irin warfarin. Koren ganye na da bitamin K mai yawa, kuma ƙara shi farat ɗaya na iya rage ƙarfin maganin. Ba hana ci ake yi ba, so ake adadin ya zama daidai kullum, likita kuma ya sani. Mai ciwon ƙoda ko hawan jini ma ta tambaya game da gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5. Ɗan barbaɗen da nake ta ambata yana cikin wannan lissafi, kuma in kin ƙarfafa tsami da tafarnuwa da ganye masu ƙamshi, za ki ga ba kya buƙatar mai yawa.

Latas ɗin da muka ajiye gefe fa, za mu dawo da shi, amma ta bayan gida. Harshe yana sabo da abu in ana maimaita masa kaɗan-kaɗan, masu nazarin cin abincin yara sun ga sau da yawa sai an miƙa abu sau goma ko fiye kafin a karɓa, kuma na ga haka a manya. Bayan mako uku ko huɗu, ranar da kika gasa karas ɗin nan, ki ɗauki ganyen ciki guda huɗu ko biyar, busassu sarai, ki yayyaga da hannu, ki juya su da ƙaramin cokali ɗaya na mahaɗin kwalba da ɗan gishiri, ki shimfiɗa a ƙasa ki juye karas mai zafi a kai. Ɗumin zai ɗan kwantar da ganyen, zaƙin karas ya rufe sauran ɗacin. In ya ciyu, mako mai zuwa ki ninka ganyen. In bai ciyu ba, ki gwada da matashin alayyafo ko kabejin da kika murza, ki sake waiwayar latas bayan wata guda.